Ni Na Ɗebi Irin Gyaɗar, Ba Habu Ba

Ni ne mai laifi, tun daga farko har ƙarshe. Laifin da aka kama ni da shi na amsa shi a gaban alƙali, na kuma yi zaman da aka yanke min. Amma akwai wanda ya girme shi, wanda babu ɗan sandan da ya taɓa tambayata a kansa. Ƙanena Habu ya yi fiye da shekara ashirin yana ɗauke da sunan ɓarawo a gidanmu, mahaifinmu ya hana shi albarka, alhali ni ne nake satar. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru kawai, ko wani yaro zai karanta ya tsaya tun da wuri.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Ɗansoshiya, a ƙasar Kiru. Gidanmu gidan noma ne, dawa da masara da gyaɗa, da ɗan barkono a bayan gida. Kakana na wajen uba malami ne da ake ji da shi a yankin. Ban gan shi ba. Ya rasu Innarmu tana da tsohon cikina, ko sadakar arba'in ba a yi ba aka haife ni, sai aka sa min sunansa. Kun san yadda abin yake a wajenmu. Mutum ba ya kiran sunan ubansa gatsau, ko da a kan jariri aka ɗora shi. Saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce min. Inna kuwa, ga kunyar ɗan fari ga sunan suruki, sai dai ta ce "wannan", ko "mai sunan Malam".

Abin bai tsaya a suna ba. Tun ina rarrafe dattawan da suka yi karatu a wajen kakana in sun zo gaisuwa sai su ɗauke ni su ce, "Dubi goshin nan, Malam sak." In na yi shiru a ce natsuwar Malam ce. In na yi kuka a ce Malam dama ba ya son hayaniya. Na taɓa ture ƙwaryar nonon wata Bafullatana da gangan, don kawai in ga yadda zai malale a ƙasa. Baba ya ba ta haƙuri, ya juyo ya ce wa mutane, "Wataƙila wani abu ya gani a ciki. Malam ba ya yin abu babu dalili." Ba a taɓa dukana ba. Wa zai ɗaga hannu ya doki ubansa?

Bayan shekara biyu aka haifi Habu. Da ya fara kai hannu akushi aka ga bahago ne. A dangin Inna akwai ƙanenta, Kawu Tanko, shi ma bahago, wanda aka taɓa kamawa da akuyar mutane a kasuwa, ya bar gari bai sake dawowa ba. Baba ya dubi Habu yana cusa tuwo da hagu, ya ce wa Inna, "Wannan na gidanku ne." Ta yi dariyar dole. Aka riƙa ɗaure masa hannun da tsumma lokacin cin abinci har ya koyi ci da dama, amma fartanya da jifa da hagu ya ci gaba da yi. Yaro ne mai surutu da tsalle-tsalle, komai ya gani sai ya tambaya. Baba yakan ce shi ya san halin 'ya'yansa tun suna goyo kamar yadda ya san gonarsa, ya san inda jigawa take ya san inda fadama take.

Ina shekara tara, Habu yana bakwai, abin ya fara. Baba yana ware irin gyaɗa tun da kaka. Ya zaɓi mai kyau, ya shanya, ya zuba a wata babbar tukunya tare da toka, ya kife kasko a bakin ya yaɓe da laka, ya ajiye a ɗakin kayan noma. Ba mai taɓawa sai ruwa ya kusa sauka. Wata rana da rani, da hantsi, mutanen gidan sun tafi suna a maƙwabta, na shiga na ɓantare lakar. Ba yunwa nake ji ba. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin hanya da take karɓar hatsi ko gyaɗa a hannun yara, ba ta tambayar inda aka samo. Na cika aljihu biyu, na kwaɓa sabuwar laka a bayan rijiya na mayar da yaɓen. Na jira a gane, ba a gane ba. Bayan kwana uku na koma. Haka na yi ta yi har ranin ya ƙare.

Da hadari ya fara haɗuwa Baba ya ce a fito da iri a ɓare. Tun da ya ɗaga tukunyar fuskarsa ta sauya. Ya fasa yaɓen, ko rabi babu a ciki. Ya ɗauki ɓallin lakar ya juya shi a rana, ga sawun yatsun yaro a jiki.

"Hannun hagu ne wannan," ya ce.

Ni da na yi yaɓen na san da hannu biyu na yi. Babu yadda za a gane hagu ko dama a jikin busasshiyar laka. Amma kafin ya rufe baki kowa ya juya ya dubi Habu.

"Baba, wallahi ni ban ma san a nan aka ajiye ba."

"Rantsuwar ma irin ta Tanko ce."

Ya zane shi da tsumagiya. Ina tsaye a gindin rumbu ina kallo. Na so a ce zan iya rubuta cewa tausayi ya kama ni, amma ba haka aka yi ba. Abin da na tuna shi ne wata kaza da take tsattsagar gyaɗar da ta zube a ƙasa, ita na tsaya kallo. Da Baba ya gaji ya zauna yana haki, ya ce, "Malam, yi wa ƙaninka nasiha, wataƙila taka ya ji." Na je na tsuguna a gaban Habu na ce masa sata ba kyau, Allah yana ganin kowa. Baba ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Kun ji ko? Bakin Malam ke nan." A shekarar rabin gonar gyaɗa muka shuka.

A tunanina na yaro, hali kamar suna yake, ranar bakwai ake raɗa wa mutum shi, shi ke nan. An riga an ce ni na kirki ne, to duk abin da hannuna ya yi ba ya taɓa ni. Iyayenmu suna ganin karanta halinmu suka yi. Mu kuwa gani muke an yanke mana shi, kowa ya sa nasa kamar rigar sallah, ko ta yi masa ko ba ta yi ba. Habu ya sa tasa. Surutun ya ragu, ya daina tambaya. In allura ta ɓata a gidan sai jikinsa ya fara rawa tun ba a dube shi ba, rawar jikin kuma ta zama shaida.

Daga gyaɗa na koma ƙwai, daga ƙwai na koma kaza, na koma ɗiban dawa a rumbu. Wata rana Inna ta ci karo da ni ina fitowa daga akurki da ƙwai huɗu a cikin hula. Muka haɗa ido. Ta kawar da kai ta ce, "Wannan, a mayar, kwanci take yi." Na mayar da biyu. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Na gama firamare, na shiga ƙaramar sakandare a Kiru, na bari a aji biyu. Baba ya ce ai Malam ma ba boko ya yi ba. Na samu abokai masu achaɓa, na koyi zaman bakin titi. Ina shekara goma sha takwas maƙwabcinmu Baba Sale ya sayo taki buhu biyu ya jingine a zaurensa. Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci a garin gaba, na ce cikina yana ciwo. Da rana tsaka na kira wani abokina muka ɗora buhunan a achaɓa, ya kai wa mai saye. Habu ma bai je masallaci ba a ranar, fartanya ta sare shi a ƙafa yana kwance a ɗaki. Mu biyu ne maza a unguwar, ba wanda ya tambaye ni komai.

A gaban Baba Sale da mutanen unguwa Baba ya ce wa Habu, "Ka ɗebi kayanka ka bar min gida. Na gaji da sunkuyar da kai. Bakin nan nawa kuma kada ka jira albarka daga gare shi." Habu ya cusa kayansa a buhu, yana ɗingishi. Ni na riƙe masa buhun har bakin titi. Muna jiran mota ya ce, "Yaya, ka riƙa sa min baki, kai yana jin maganarka." Na ce to. Ya tafi wajen Doguwa yin ƙwadago a gonakin masara. Na dawo gida na ci tuwo, har da ƙari.

Bayan tafiyarsa kaya ba su daina ɓata ba. Baba ya ce abokan Habu ne yake turowa. Mutanen unguwa dai sun fara kallona ta gefen ido, amma ba mai iya faɗa. Na ga gara in matsa. Na tafi Tudun Wada, wani mai shagon iri da taki da maganin feshi ya ɗauke ni aiki da jin sunan kakana kawai. A nan na ga yadda manoma suke sayen irin masara na zamani. Na gaskiyar yana zuwa a leda, an shafe shi da jan magani, su kuwa launin suke dubawa. Ban yi shekara ba na bar shagon na kama ɗaki. In sayo masarar ci a kasuwa, in zaɓi manyan ƙwayoyi, in rina su da jan garura, in shanya, in zuba a leda mai hoton masara in liƙe bakin da wuta. Taki kuma in haɗa shi da farin yashi. Abin da ya sa na daɗe a wannan cuta shi ne ba a gane ta a kasuwa. Sai an shuka, an yi noman fari, an jira, kafin nan ni na yi nisa.

Ina sa farar riga da hula, ga carbi a hannu. Kasuwannin ƙauye nake bi, na wajen Bebeji da na Tudun Wada da na Kiru. Doguwa ce kawai ban taɓa kai kaya ba. A ko'ina akan samu wanda zai ce, "Ai jikan Malam wane ne," ciniki ya faɗa. Akwai wani tsoho a wata kasuwa ta wajen Bebeji da ya daɗe yana juya ledar a hannu.

"Ɗan nan, ka tabbata da shi? Gonar nan ita kaɗai gare ni."

"Baba, in bai yi maka goyo biyu ba, ka zo ka tofa min yawu a fuska."

Ya yi dariya ya ce, "Jikan Malam ai ba ya ƙarya." Ya saya. Wannan zubin ban bari ya bushe sosai ba kafin in liƙe, ya yi fumfuna a cikin leda. Daga baya na ji a kotu cewa abin da ya tsiro a gonarsa ana iya zagayawa a nuna shi da yatsa.

Da damina ta zagayo na koma kasuwar, ina ganin an manta. Ina shimfiɗa kaya na ga inuwar mutum a kaina. Tsohon ne. Ya cire hularsa ya zaro ledar nan a ninke, shekara guda yana ajiye da ita.

"Na zo tofa yawun," ya ce.

Bai tofa ba. Mutane ya kira. Na sha duka kafin 'yan banga su ƙwace ni su miƙa wa 'yan sanda. A ɗakina aka samu garurar da ledojin da buhun yashi. Alƙali ya tambaye ni na amsa, ya yanke min shekara uku.

A gidan yari ba wanda ya san kakana. Mai Garura suke ce min. Ranar farko da aka ce in faɗi sunana, na faɗa, na ji shi baƙo a bakina. Ban yi kuka ba, ban yi rashin lafiya ba. In an buɗe in fito, in an kawo abinci in ci, in an rufe in kwanta. Aka sa ni a sashen ɗinki na koyi taka keke. Kwanaki suna wucewa kamar ba a kaina suke wucewa ba.

A shekara ta biyu aka ce ina da baƙo. Na ɗauka Inna ce, sai na ga Habu, da ledar gari da sukari da sabulu. Rabona da shi tun bakin titi.

"Yaya, ka rame."

"Kai kuma ka yi baƙi."

"Rana ce. Mu ba mu da farar riga."

Ya ce ya yi aure a can Doguwa, ya samu gona yana aro. Ya ce duk sallah yana zuwa gida, ya tsuguna a zaure ya gai da Baba, Baba ya ce "lafiya" kamar yana amsa wa baƙo, ya juya kai. Na tambaye shi me Baba yake cewa a kaina.

"Ya ce jifanka aka yi, maƙiyan Malam ne. Wani lokaci kuma ya ce ni na fara shigo da abin gidan har ya shafe ka."

Can Habu ya matso kusa da ragar ƙarfen da ta raba mu ya rage murya.

"Yaya, in tambaye ka wani abu. Takin Baba Sale na san ban ɗauka ba, da wayona. Amma gyaɗar nan ta tukunya, lokacin ina ƙarami. Na yi ta tunani har na fara ganin kaina ina buɗe ta. Kai ka fi ni wayo a lokacin. Ni ne?"

Na dube shi na ce, "An daɗe, Habu. Wa zai tuna?"

Ya jinjina kai ya ce haka ne. Gandiroba ya ce lokaci ya yi, ya tashi ya tafi.

Daga ranar ne wani abu ya fara motsi, shi ma ba da ƙarfi ba. Ina cikin ɗinki sai in ga ƙafata ta tsaya a kan keke ban san lokacin ba. Mutum ne da gemunsa da matarsa, ya shiga mota tun daga Doguwa don ya tambayi wanda yake ɗaure ko shi ɓarawo ne. Na fara sallah a kan lokaci. Akwai wani malami da yake zuwa mana wa'azi ranar Alhamis, na tambaye shi yadda ake tuba. Ya bayyana min cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, haƙƙin mutum kuma sai an je wa mai shi. Na ce to in mai shi bai san an ci haƙƙinsa ba fa? Ya ce to nauyin ya zama biyu.

Da na fito na koma gida. Na tarar yanar ido ta rufe wa Baba gani, sai dai murya yake ganewa. Ina yin sallama ya ce, "Malam ya dawo." Ya sa aka yanka zakara. Ya riƙe hannuna yana cewa jarrabawa ce, shi kansa Malam an taɓa yi masa ƙage. Wata biyar na yi a gidan, ina noma ina ɗan ɗinki a ƙofar gida. Kowace Juma'a in ce yau zan faɗa, in ga yadda yake lalubo hannuna in raka shi masallaci, in fasa.

Sai ga saƙo ta waya, matar Habu ta haifi ɗa namiji. Habu yana roƙon izini ya sa wa yaron sunan Baba, yana kuma roƙon Baba ya sa musu albarka, ko da ta wayar ce. Ina zaune aka faɗa. Baba ya ce, "Sunana ba zai shiga gidan Tanko ba. Ku ce masa na ji." Na shiga cikin gida na samu Inna a madafa tana tuƙa tuwo, hawaye yana sauka ba ta share ba. Na tsuguna.

"Inna, kin tuna ƙwai a hula?"

"Huɗu ne. Biyu suka dawo."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ci gaba da tuƙi, ba ta dube ni ba. "In ce masa me? In ce masa ubansa ya saci ƙwai? Ni da ɗan'uwana ya riga ya zubar min da baki a gidan nan? Kai na ce girma zai gyara ka. Shi kuma na ce ai yana da haƙuri." Ta buga muciya a bakin tukunya. "Saura kwana huɗu suna."

Washegari da safe na shiga mota zuwa Tudun Wada, na sake wata zuwa Doguwa, na hau achaɓa har ƙauyensu. Na samu Habu yana gyaran danga saboda baƙin suna.

"Baba ne ya aiko ka?"

"A'a."

"To me zan je yi? In je in karɓo 'lafiya' in dawo?"

"Ka zo dai. In ba a yi komai ba, daga yau kada ka sake amsa min sallama."

Ya biyo ni, bayan la'asar muka iso gida. Na sa aka kira Baba Sale da dattawa biyu na unguwa, tunda a gaban mutane aka kori Habu. Baba yana zaune a kan buzunsa a zaure. Na tsuguna na fara tun daga tukunyar. Na faɗi ƙwai, na faɗi kaji, na faɗi dawar rumbu, na faɗi takin Baba Sale da sunan wanda ya ɗauka a achaɓa da wanda ya saya. Muryata ba ta rawa, kamar labarin wani nake bayarwa. Da na gama Baba ya yi murmushi.

"Kun ji ko? So yake ya rufa wa ƙaninsa asiri, ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Malam ma haka yake."

"Baba, a bayan rijiya na kwaɓa lakar. Da hannu biyu na yaɓa. Wajen mai ƙosai ta bakin hanya na kai gyaɗar."

"Gidan yari ya taɓa maka kai."

Sai muka ji muryar Inna daga bayan ƙofar cikin gida, ita da ba ta taɓa magana a zaure da baƙi ba. "Maigida, gaskiya yake faɗa. Na gani da idona tun yana yaro, na yi shiru."

Baba Sale ne ya fara numfasawa ya ce, "To ni shekara goma sha biyu ke nan ina hararar wanda ba shi ba." Ba wanda ya yi dariya. Baba ya daɗe yana murza gashin buzun da yatsa. Daga nan ya kira sunana, ainihin sunan, sunan ubansa. Da ƙyar sunan ya fito. Na ce na'am. Ya ce, "Matsa can." Na matsa.

"Habu, ina kake?"

"Ga ni, Baba."

Ya miƙa hannu yana lalube a iska har Habu ya kawo kansa. Ya ɗora tafinsa a kai ya ce Allah ya yi maka albarka, ya sake faɗa, ya sake faɗa. Ya ce, "Ni ma ka yafe min. Na ce na san gonata, ashe ban taɓa shiga ba." Habu yana nan durƙushe. Can ya ce, "Baba, sunan fa?"

"Ka sa in kana so, na ba ka. Amma da ni ne, da na sa masa wanda zan iya kira in ya yi ɓarna."

Tun daga ranar Baba bai sake ce min Malam ba. Yana amsa gaisuwata, yana bari in raka shi masallaci, amma hannun rigata yake riƙewa.

Ku yara da samari, ga abin da zan ce muku. In a gida ana yabonku da abin da ku kun san ba ku da shi, ku ji tsoro, kada ku ji daɗi. Yabon ba ya wanke abin da hannu ya ɗauka, yana ba shi wurin ɓuya ne kawai. Ni ban fara da buhu ba, da aljihu biyu na fara, kuma ranar da aka doki wani a madadina na yi shiru, ranar na zama abin da alƙali ya gani daga baya. In kun yi ɓarna ku faɗa tun tana ƙarama, ku sha bulalar ku huta. Wanda kuma aka laƙa wa mugun hali tun yana yaro, kada ya yarda har ya fara ganin kansa yana aikata abin da bai yi ba. Iyaye kuwa ban isa in yi musu wa'azi ba, na taɓa yi wa wani wa'azi ina shekara tara kun ji yadda ya kasance. Roƙo kawai nake, a dubi abin da yaro yake yi yau, a tambaye shi, a saurara, a bar goshinsa da hannunsa da wanda ya yi kama da shi.

Ranar suna na je Doguwa. Habu ya sa wa yaron Nasiru, sunan da ba na kowa ba ne a danginmu. Bayan an watse muka rage mu biyu a bayan gida, yana fiɗar rago ina riƙe masa ƙafa. A zaure da Baba na yi magana, shi ban ce masa komai ba tukuna. Har yau bai ce min ya yafe ba, ni ma ban sake tambayarsa ba. Ya dai tsayar da wuƙar ya saurare ni har na gama. Abin da na ce masa ke nan:

"Habu, ka tambaye ni a gidan yari, na ce wa zai tuna. Na tuna, ko a lokacin ina tune. Ba kai ba ne. Ba ka taɓa tukunyar nan ba, ba ka ma san inda take ba. Na tsaya aka dake ka, na zo na yi maka nasiha. Ka ce in sa maka baki, ban taɓa sawa ba ko sau ɗaya. Shekarun da na ci maka ba ni da su da zan mayar. Ba na cewa sai ka yafe yau. Na zalunce ka, ƙanena. Ka yi haƙuri, ka yafe min ranar da ka samu iko."